Marsandi Mai Fiffike: Ta Ƙarfe Ko Ta Alminiyam?

Yau za mu ajiye ludayi da allura, mu yi zancen mota. Kada wata ta ce ai wannan zancen maza ne. Sunan motar ma na mace ne. Mercedes wata yarinya ce da aka haifa a 1889, 'yar wani attajiri Emil Jellinek, wanda ke sayar da motocin kamfanin Daimler, shi ya sa aka laƙaba wa motocin sunan 'yarsa. Mu kuma bakinmu ya mai da shi Marsandi. Balle ma abin da za mu duba yau uwargida ta fi maigida saninsa, gama zancen ƙarfe ne da alminiyam, da wanda ke jure wahala da wanda ke lotsawa.

Ga abin da ya jawo maganar. A watan Oktoba na 2024 aka yi gwanjon wata tsohuwar Marsandi a birnin Los Angeles na Amurka. Ƙirar 1956 ce. Ta yi kusan shekara 50 a kulle cikin rumfar wani Bajamushe mai sana'ar sayen matattun motoci, Rudi Klein, ba a tuƙa ta. Ta sha ƙura, fentinta ya dusashe, ga lotsawa a bayanta. Da aka gama tayi, an sallama ta a kan dala 9,355,000. Alhali kuwa ga 'yan'uwanta nan, sunansu ɗaya, siffarsu ɗaya, daga masana'anta ɗaya suka fito, wankakku gogaggu, da an murɗa makulli sai su tashi, amma a 'yan shekarun nan galibi kuɗinsu tsakanin dala miliyan 1 ne da miliyan 2. In an jera miki su biyu da fenti iri ɗaya, ba za ki iya cewa ga wannan ga waccan ba. Kama da wane dai ba ta wane. Bambancin yana ƙarƙashin fenti: waɗancan jikinsu ƙarfe ne, ita kuwa jikinta duka alminiyam ne, watau irin farin ƙarfen nan mara nauyi da ake yin tukwanen dalma da butar shayi da shi.

To, wacce ta fi? Kafin mu yanke, bari ku ji asalinsu.

Sunan motar 300 SL. Yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, ya bar masana'antun kamfanin a Stuttgart da kewayenta a rushe. Da suka ɗan farfaɗo suka so su koma tseren motoci don duniya ta san suna nan, amma ba su da kuɗin ƙera sabon inji. Sai suka ɗauko injin babbar motarsu mai lamba 300, irin wadda shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Konrad Adenauer ke shiga. Injin nan ƙaƙƙarfa ne, amma yana da nauyi, ba a yi shi don tsere ba. Injiniyan da aka ɗora wa aikin, Rudolf Uhlenhaut, haifaffen Landan ne, uwarsa Baturiyar Ingila, ubansa Bajamushe. Ya ga tun da ba dama a rage nauyin inji, sai a rage na sauran motar. Maimakon manyan ƙarafa biyu da aka saba shimfiɗawa a ɗora mota a kai, ya samo siraran bututun ƙarfe, aka yi ta haɗa su da walda kusurwa uku-uku, kamar yadda ake tankar ɗaki. Kara ɗaya yaro ma ya karya shi, amma in an ɗaure su gicciye da juna sai su ɗauki jinka. Ƙwarangwal ɗin motar tseren nan duka wajen kilo 50 ne, buhun siminti ɗaya ke nan. Haruffan SL ma rashin nauyin suke nufi da Jamusanci.

Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ƙarfin wannan saƙa yana gefen motar ne, daidai inda ya kamata a yanka ƙofa. In an yanka, saƙa ta warware. Sai suka bar gefen yadda yake, suka kafa ƙofofin a rufi, suna buɗewa sama. In an buɗe su duka biyu sai ka ce tsuntsu ya ware fikafikai zai tashi. Jamusawa suna ce mata mai ƙofar fiffike. Mutane da yawa suna tsammani don ado aka yi haka. Ba ado ba ne, tilas ce.

A 1952 motar tseren nan ta zo ta ɗaya da ta biyu a tseren sa'a 24 na Le Mans a Faransa. A ƙarshen shekarar kuma ta ci wani dogon tsere na ƙasar Meksiko, mai nisan fiye da kilomita 3,000. A can ne ungulu ta faɗa wa gilashin gaban motar Karl Kling tana cikin tsananin gudu, ta fasa shi, ta ji wa abokin tafiyarsa Hans Klenk ciwo a fuska. Suka share jini suka ci gaba, aka gitta wa gilashin sandunan ƙarfe kamar tagar kanti, kuma su suka zo na ɗaya.

Wani ɗan kasuwa mutumin Ostiriya mai suna Max Hoffman, wanda ke shigar da motocin Turai birnin New York, shi ya matsa wa kamfanin lamba su yi irinta ta sayarwa, ya ce attajiran Amurka za su saya. Aka nuna ta a New York a watan Fabrairu na 1954. Daga wannan shekara zuwa 1957 an ƙera guda 1,400 a garin Sindelfingen, wajen 1,100 daga ciki Amurka suka tafi. A Jamus kuɗinta mak 29,000 ne, lokacin da ƙaramar Volkswagen ba ta wuce wajen mak 4,000 ba. Kun ga kuɗin mota 7 ke nan, ga shi kuwa mutum biyu kaɗai take ɗauka.

A cikin 1,400 ɗin nan, guda 29 tak aka yi wa jikin alminiyam, a 1955 da 1956.

Sai mu fara da halin da suka yi tarayya a kai, don wadda ta ji kuɗin nan za ta zaci ta alminiyam ta tsira daga laifuffukan 'yar'uwarta. Ba ta tsira daga ko ɗaya ba.

Na farko shiga. Dokin ƙofarta yana da tsawo, yana da faɗi, don nan ne saƙar bututun ta bi. Ba a shiga da ƙafa kamar sauran motoci. Sai kin fara zama a kan dokin ƙofar, kin juya baya ga kujera, sa'an nan ki tattara ƙafafunki biyu ki ɗaga su ki tsallake, ki zame ciki. Saboda direba ya sami hanyar cusa gwiwoyinsa, sitiyarin ma sai da aka yi masa gaɓa, ana karya shi ƙasa a shiga, a mai da shi. Ku dubi wannan aiki, sa'an nan ku tuna da matan Turai na zamanin, masu matsattsun siket da takalma masu tsini. Shahararriyar 'yar wasan sinima ta Italiya, Sophia Loren, tana da guda, an kuwa ɗauki hotunanta da ita da yawa. A hoto abin gwanin kyau. Amma ni da na dubi tsawon dokin ƙofar nan, abin da ya faɗo mini shi ne mai ɗaurin zane da goyo, ko tsohuwa mai ciwon gwiwa. In an zo kai amarya da ita, ina ga sai 'yan rakiya sun yi mata labule da mayafai kafin ta fito. In kuma an yi ruwa, da an ɗaga ƙofa abin da ya taru a rufi yana iya sauka a kan ɗankwali. A wurin ajiyar mota kuma sai an duba sama, ba gefe kaɗai ba.

Na biyu zafi. Tagoginta ba sa sauka, gama ƙofar ba ta da cikin da gilashi zai shige. Sai dai a tsaya a ciro tagar ɗungum a ajiye ta bayan kujera, ko a haƙura da 'yar ƙaramar kafar iska da ke gaba. Ga inji yana hura zafi ta wajen ƙafa. Waɗanda suka tuƙa ta da bazara sun sha kukan wannan. Wurin kaya kuma babu: but ɗin baya tayar safiya da tankin mai sun cinye shi, sai 'yan akwatuna da ake ɗinkawa daidai da gurbin da ke bayan kujeru.

Injin kuwa abin yabo ne, shi ma iri ɗaya ne a jikinsu. Silinda 6 gare shi, lita 3, an kwantar da shi a karkace don gaban motar ya yi ƙasa-ƙasa ya keta iska. A babbar motar da aka ɗauko shi ƙarfin doki 115 yake bayarwa. A nan ya kai 215. Asirin shi ne an cire kafireto, an sa wani famfo na kamfanin Bosch mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda, dabarar da Jamusawa suka ƙware a kai wajen injin jirgin sama. Tana cikin motocin farko-farko da aka sayar da irin wannan. Gudunta yakan kai kilomita 235 zuwa 260 a sa'a, gwargwadon irin giyar bayan da mai saye ya zaɓa, har ana cewa a zamaninta babu motar kasuwa da ta kamo ta.

Sai dai famfon nan yana da wani hali. In an kashe mota ba ya tsayawa nan take, yakan ci gaba da fesawa har injin ya daina juyawa. Fetur ɗin da bai ƙone ba sai ya gangara ya gauraye da baƙin mai, ya tsinka shi, kamar a yi ta ƙara wa miya ruwa. Shi ya sa aka ce a juye mai kowane kilomita 1,600, man kuwa wajen lita 10 ne. Ƙafafunta na baya su ma sai mai hankali. In direba ya shiga kwana da gudu ya ji tsoro ya ɗage ƙafa daga totur, tayoyin baya sukan tanƙwashe ciki, gindin motar ya wulwulo gaba. Burkinta kuma irin na ganga ne, wanda kan yi sanyin kamu in ya ɗau zafi. Duk wannan, da mai dala miliyan 9 da mai miliyan 1, kowa da rabonsa daidai.

To, yanzu ga inda suka rabu.

'Yan makaranta sun sani, in an yanko alminiyam da ƙarfe girma ɗaya, nauyin alminiyam wajen sulusin na ƙarfen ne. Uwargida ba ta bukatar littafi, hannunta ya gaya mata tun ranar da ta sauke tukunyar ƙarfe daga murhu ta ɗora ta dalma. Saboda haka za ki zaci motar alminiyam ta fi 'yar'uwarta sauƙi nesa ba kusa ba. Abin bai kai haka ba. Ita wadda ake kira ta ƙarfen ma, murfin injinta da ƙofofinta da murfin but ɗinta duk alminiyam ne tun asali. Ƙwarangwal ɗin bututu kuwa ƙarfe ne a jikinsu duka biyu, haka ma gangar injin. Abin da ya rage a sauya shi ne rufi da kafaɗun tayoyi da sauran fatar jiki. Aka sauya su, aka kuma cire gilashin gefe da na baya aka sa na roba mai haske, aka bar na gaba kaɗai. Da aka ɗora a sikeli, abin da aka rage wajen kilo 80 ne zuwa 95, a motar da nauyinta ya kai wajen kilo 1,300.

'Yammata, ku ɗauko alli mu yi lissafi. Kilo 80 cikin 1,300 kashi ɗaya ne cikin 16. Tankin motar yana cin fetur lita 130. Litar fetur kuwa ba ta kai kilo ɗaya ba, wajen kashi uku cikin huɗu na kilo ce. Ku buga, za ku sami kilo 97 da ɗoriya. Watau ta ƙarfe wadda manta ya kusa ƙarewa, da ta alminiyam wadda aka cika wa tanki, nauyinsu ɗaya. Ko kuwa mai ta alminiyam ya ɗauki ƙaton aboki a gefensa, shi ke nan ribar ta tafi.

Gaskiya ne an haɗa wa ta alminiyam wasu kayan tsere tun daga masana'anta. Akwai wata sanda a cikin inji mai buɗe masa hanyar shan iska, wadda makanikai ke kira kamshaf, an sa mata irin wadda ke ƙara ƙarfi. An ƙara wa sifirin ɗinta tauri don kada ta yi rangaji a kwana. Tayoyinta kuma irin na Rudge ne, masu babban noti ɗaya a tsakiya wanda ake kwancewa da guduma, don a sauya taya cikin hanzari. Amma kamshaf ɗin nan da tayoyin nan, mai sayen ta ƙarfe ma in ya biya ana sa masa, da yawa kuwa sun biya. In an tsame waɗannan, abin da ta alminiyam ta keɓanta da shi riga ce kawai.

Rigar nan kuwa ga halinta. Wace ce a cikinmu ba ta da butar shayi mai kumatu a lotse? Faɗuwa ɗaya daga kan kanta ta isa. Fatar motar nan siririya ce ƙwarai, har in mutum ya jingina da ita da ƙarfi yana iya bar mata shaida. Tsakuwar da taya ta watso daga ƙasa takan fito da ƙurji a kafaɗa. Alminiyam kuma yana da gajiya: in ana girgiza shi yau da gobe, sai ya fara tsagewa a wuraren da aka ɗaure shi, kamar yadda hannun tukunya ke fara tsagewa daga gindin ƙusa. Gyaransa kuwa sai gwani. Ƙarfe in ya yi zafi yakan yi ja, ya gargaɗi mai walda. Alminiyam ba ya sauya launi, yana nan fari fat har ya narke ya zube. In an buga shi da guduma kuma yakan miƙe, ya ƙi komawa yadda yake.

Za ku ce ai ba ya tsatsa. Haka ne, nan kam ya fi. Ƙarfe halin langa gare shi, muddin fenti na nan lafiya lau, da ya ɓalle danshi ya samu hanya sai ja ya fito, ya yi ta ci har ya huda. Motocin ƙarfen nan da yawa sun sha wannan, an yanke an yi musu faci. Amma alminiyam ma yana da nasa ciwon, musamman a wannan mota. In ya manne da ƙarfe, ruwa ya shiga tsakaninsu, balle ruwan gishiri irin wanda Turawa ke zubawa a hanya don narkar da ƙanƙara, sai su zama kamar batir, wata 'yar wutar lantarki ta riƙa gudana tsakaninsu. Alminiyam ne ke biyan kuɗin, ya riƙa cinyewa yana zama farin gari. Rigar alminiyam a kan ƙashin ƙarfe kuwa, ko'ina suka haɗu wurin ciwo ne. Tagogin robar su ma da sauƙin karcewa, in sun tsufa su yi hazo.

Kada dai in zalunce ta. Ba don zuwa kasuwa ko kai yara makaranta aka yi ta ba. An yi ta ne don masu shiga tsere da kuɗin aljihunsu, a wurinsu kuwa kilo 80 ba wasa ba ne. Mai tsere yana taka burki ya sake taka totur sau dubbai kafin a tashi, kowane taku kuwa da nauyin nan ake kokawa. Burkin ganga da aka rage wa kaya yakan daɗe bai gaji ba. Har ila yau, nauyin da aka rage na sama ne, na rufi da tagogi. Duk wadda ta taɓa ɗaukar tulu a ka ta san kilo ɗaya a bisa ya fi kilo ɗaya a hannu sa mutum tangaɗi. Mota ma haka take a kwana. Wanda ya ci tsere da tazarar daƙiƙa biyu bai damu da lotsawar kafaɗa ba. A wannan fage ta alminiyam ta fi, ba gardama.

Amma mutum nawa ke wannan fage? Masu saye na lokacin sun ba da amsa da aljihunsu. An ce musu ga ta ƙarfe, ga kuma ta alminiyam da ƙarin kuɗi mai tsoka a kan 29,000 ɗin nan. Cikin kowane mutum 100, wajen 98 suka ce a ba su ta ƙarfe. Ba talakawa ba ne da za a ce kuɗi ya hana su. Attajirai ne da sarakuna da 'yan wasan sinima, sun duba sun ga ƙarin bai biya ba. Nan ne abin ya ba ni mamaki har ya ba ni dariya: ƙin sayenta da aka yi jiya shi ya sa ta yi ƙaranci, ƙarancin kuwa shi ne tsadarta yau. Da a ce mutum 700 suka saye ta a 1955, da yau ba wanda zai ninka mata kuɗi. Ba a biyan miliyoyin nan don ta fi gudu, gama ƙaramar motar zamani mai kyau za ta bi ta ta wuce, da sanyin na'ura a ciki kuma. Ana biya ne don 29 ce, ba kuwa za a ƙara ta 30 ba.

Ku dubi yadda kuɗin ya yi ta hawa. A 2012 an sayar da ɗaya daga cikinsu a jihar Arizona ta Amurka dala 4,620,000. A 2022, a can dai, wata ta kai 6,825,000. Sa'an nan ga ta 2024 da muka fara da ita. Ita wannan tana da ƙarin labari. Wanda ya fara sayenta sabuwa shi ne Luigi Chinetti, mutumin da ya ci tseren Le Mans da Ferrari a 1949, ya kuma zama wakilin Ferrari a Amurka. Kun ji, dillalin abokan hamayya ne ya sayi Marsandi. A cikin 29 ɗin ita kaɗai ta fito da baƙin fenti, cikinta jar fata. Zaman da ta yi a kulle kuma, wanda da tukunya ce sai mu ce an wulakanta ta, shi ya ƙara mata daraja, don ba wanda ya sami damar sauya mata inji ko jiki. Masu tara irin waɗannan motoci sun fi son tsohon abu na asali da ƙurarsa a kan sabon da aka musanya.

Kada kuma ku rikita ta da wata mai kama da ita, 300 SLR, wadda aka sayar Yuro miliyan 135 a 2022. Ita ma ƙofofinta sama suke buɗewa, amma motar tsere ce zalla mai silinda 8, guda biyu kaɗai aka yi masu rufi, ba a kuwa yi su don kasuwa ba.

Inda tazarar kuɗi ta kai haka, tilas a yi hattara da algus, gama gwanin maƙeri yana iya yi wa ta ƙarfe sabuwar rigar alminiyam. Yaya ake ganewa? Dabarar farko ta yara ce: mayen ƙarfe. Yana kama ƙarfe, ba ya kama alminiyam. Amma in kin manna shi a ƙofa ko murfin inji kin yi aikin banza, don a nan dukansu alminiyam ne, zai faɗi ko a jikin wacce. Sai a rufi ko kafaɗar taya. In ya kama, ta ƙarfe ce. In kuma an ƙwanƙwasa tagar gefe da farce, gilashi da roba ba su da amo ɗaya. Wannan duk yana nuna irin rigar ne kawai, bai nuna ko da ita aka haife ta ba. Shaidar da ta fi ita ce lambar da aka buga a ƙwarangwal. Ta ƙarfe tana farawa da 198.040, ta alminiyam da 198.043, kamfanin kuma yana da rajistar kowace mota, da ranar fitarta da launinta da lambar injinta, kamar takardar haihuwa.

In an ce in zaɓa, ni ta ƙarfe zan ɗauka, ba don araha ba. Ita ce ake iya shiga a yi tafiya. Har gobe masu irinta suna fita da su, suna ratsa duwatsun Italiya a bikin tunawa da tsohon tseren Mille Miglia, tsakuwa ta buge su, a dawo a shafa fenti. Ta alminiyam kuwa ta zama kamar kwanukan jere na cikin kabad, waɗanda ake gogewa kullum ba a taɓa zuba musu tuwo ba. An rage mata nauyi don ta yi gudu, yanzu tsadarta ta sa mai ita yana fargabar fita da ita ƙofar gida. Wanda ya ajiye dala miliyan 9 a kan fatar da gwiwar hannu ke lotsawa, ba zai so yaro ya matso kusa da ita da ƙwallo ba. Wadda ke neman wurin ɓoye dukiya, to, lissafinta dabam ne, ba zan ce ta yi kuskure ba, shekarun nan sun nuna kuɗin hawa yake yi. Amma wannan zancen ajiya ne, ba zancen mota ba. In ana tambayar wacce ta fi kyau a matsayin abin hawa, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kamfanin ma da kansa ya nuna inda hankalinsa ya karkata. Koke-koken masu saye, musamman na Amurka, a kan wahalar shiga da zafin ciki suke, ba wanda ya ce nauyi ya dame shi. Saboda haka a 1957 suka daina mai fiffiken, suka fito da wata 300 SL mai rufin tanti da ake naɗewa. Suka sake saƙar bututun gefe, suka sauke dokin ƙofa, suka sa ƙofofi irin na kowa masu tagar da ke sauka. Suka gyara ƙafafun baya don ta daina wulwulawa a kwana, suka rage tanki zuwa lita 100 don a sami wurin akwati, a 1961 kuma suka sa mata burki irin na faifai. Duk wannan ya ƙara mata nauyi fiye da kilo 100 a kan ta ƙarfen, ya kuma ƙara mata kuɗi zuwa mak 32,500. Kafin a daina yin ta a 1963 an sayar da 1,858, watau ta fi masu fiffiken duka biyu a haɗe kasuwa, mace kuma tana iya shiga ta fita ba tare da an yi mata labule ba.